Jirgin Ticha da Man Ɗorin Gidanmu

Akwai wani wari da tsohon tub ɗin keke yake yi idan an tsaga shi da reza, wari mai ɗan ɗaci kamar na abin da ya daɗe a rufe. Kwanan baya na ji shi a bakin tashar Jega, ina tsaye ina jiran mai faci ya gama da tayar mashin ɗin da ya ɗauko ni. Yana zaune yana yanka tub siri-siri don masu ɗaure kaya. Ya ja zare ɗaya ya saki, ya ce fat. Sai kawai na ga kaina a zauren kakana a Aliero, ina 'yar yarinya ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba, riƙe da kwanon tuwo, an aike ni in kai abinci in kuma dawo da rahoto.

Gidanmu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. In ka san Aliero, ka san abu biyu ne suke kawo baƙo garin, albasa da karaya. Zaurenmu babba ne, da rumfa a gefe, kuma ban taɓa ganinsa babu mutum kwance ba: direban da mota ta kife da shi, manomin da ya faɗo daga giginya, mahaucin da sa ya take. Kakana zai bi ƙafa da tafin hannu, ya lumshe ido, ya ja, ka ji ƙato yana kiran uwarsa. Sannan ya shafa mai, ya yi tofi, ya naɗa karan ɗori, wato tsinken tukurwa da aka saƙa kamar ƙaramin asabari, ya ɗaure. Man nan shi ne ran gidan. Man shanu ne da garin wasu itatuwa, a cikin wata 'yar tukunya da ke ɗakin kakana, kuma ko mahaifiyata da ta daɗe a gidan ba ta san abin da ke ciki ba. An yi imani cewa ranar da sirrinsa ya faɗa hannun bare, ɗori ya bar gidan ke nan, ko an shafa ba zai ƙara kama ƙashi ba. Da wannan tsoron aka raine mu. Shi ya sa har yau in mutum ya cika yi mini tambaya sai in daina sauraron bakinsa in koma kallon hannunsa.

A wata bazara, an gama cire albasa, gari duk ya ɗauki warinta, aka kawo wani mutum a bayan a-kori-kura. Malamin makarantar sakandare ne a Maiyama, Kirista, daga can wajen Filato, mota ta buge shi a kan mashin kusa da Jega, ƙwabrinsa na dama ya karye gida biyu. Kowa Ticha yake ce masa. Dogo ne siriri, da tabarau da aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare. Hausarsa irin ta mutanen can ce, ni mace amma "kai" yake ce mini. Ya ce a asibiti an fara zancen yankewa, shi ya sa mai gidan hayarsa ya ce a gwada Aliero.

Baffana, yayan mahaifina, shi ne babban ɗan kakana, kuma shi ake sa ran zai gaji tukunyar man. Tun ranar farko bai yarda da Ticha ba. Na ji shi yana ce wa kakana a bayan zaure, "Baba, ma'aikacin gwamnati na hwa. Mi yak kawo shi kwana bisa tabarma cikin warin albasa? Ruwa ba su tsami banza."

Kakana ya ce, "Ƙahwa anka kawo man, ƙahwa nika dubawa."

Amma Ticha bai taimaki kansa ba. Sauran masu karaya in ana kwance musu ɗori kau da kai suke yi, wasu su cusa riga a baki. Shi kuwa gyara tabarau yake yi ya tsura wa hannun kakana ido. Ga tambaya. Wannan wane itace ne, me ya sa ba shi da nauyi, a ina ake samunsa, cikinsa ma haka yake da laushi? Ka sa kanka a matsayinmu. Mutum ya zo gidan da abincinsa sirri ne, yana tambayar sunan kowane tsinke. Ko kai ne sai ka ce biri ya yi kama da mutum.

Da zafin ciwon ya ɗan lafa, sai ya fara roƙo. Ya roƙi guntayen tukurwa da ake yasarwa in an fere karan ɗori. Ya roƙi reza da zare da ɗan ƙaro. Ya aika a kawo masa tsohon tub daga wurin mai gyaran keke, da wayar ƙafar keke guda, da takardar nan mai shara-shara da ake samu a kwalin sabon takalmi. A nan ne Baffa ya kira ni ya ce, "Ke, in kin kai mai tuwo kak ki yi saurin hitowa. Dut abin da yat taɓa ki zo ki hwaɗa man." Na ji daɗin aikin ƙwarai. A gidan da ba a tambayar yarinya ra'ayinta ko kan miya, ga ni an ba ni ɓarawo in tsare. Kuma na yarda ɓarawo ne, ban taɓa shakka ba.

To ga abin da idona ya gani. Yakan ɓare bayan tukurwa ya ajiye gefe, ya yanka farin cikin nan mai laushi siri-siri, har sai ya kai kaurin tsinken tsintsiya. Ya shimfiɗa kwali a cinyarsa mai lafiya, ya jera tsinkayen, ya kafe su da ƙayar aduwa don kada su motsa. Ya jiƙa ƙaro a murfin gwangwani, ya riƙa ɗiga shi da bakin tsinke a duk inda biyu suka haɗu. Ba ya sauri. Wani lokaci wuni guda zai yi a kan abin da bai wuce tafin hannuna ba, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kare aikin da hannu don kada ya jiƙe. Da ya cire ƙayoyin ya ɗaga abin sama, sai na ga dogon ƙashi biyu da ƙanana a jere tsakaninsu. Na ruga na ce wa Baffa haƙarƙari yake yi.

Wata rana tsinke ɗaya ya karye masa. Ya fere bakin kowanne a karkace, ya haɗa su, ya shafa ƙaro, ya naɗe da zare. Da na kai wannan labari Baffa ya dafe kai. "Ɗori shika koyo," in ji shi, "bisa kara, gaban idonmu." Bayan wannan kuma Ticha ya lulluɓe haƙarƙarin da takarda, ya guntsi ruwa, ya fesa mata da baki, fuu, fuu, daga wannan gefe zuwa wancan. Da ta bushe ta ɗame kamar fatar kalangu. Ni dai ban ga ɗamewa ba a lokacin. Abin da na gani shi ne baƙo yana tofi a zauren kakana.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi mene ne. Ya ce jirgin sama ne. Ya ce yana yaro a makarantar mishan akwai wani tsohon Fada Bature da yake da irinsu a rataye a ɗakinsa, tsofaffi tun na ƙuruciyarsa, ba inji ba mai, roba kawai ake murɗawa ta juya farfela. Shi ya koya musu. Ya ce rabonsa da yi tun kafin ya fara aske gemu, kwanciya ce ta dawo masa da shi, da kuma ganin tukurwa, don ta yi kama da itacen da Fada yake sawa a kawo masa daga ƙasarsu. Na saurare shi tsaf, na ce a raina wannan mutum ya iya ƙarya. Jirgi dai mun san shi, yakan wuce can sama lokacin aikin Hajji da ƙara kamar aradu. Wa ya taɓa jin jirgi da robar ɗaure buhu?

Farfelar ce ta fi cin ransa. Ya sassaƙe ta daga guntun tukurwa mai kauri, kowane kunne da ɗan murɗi, yana ɗora ta a kan allura yana duba wane gefe ya rinjaya, ya kankare, ya sake ɗorawa. Ya lanƙwasa wayar keke ya yi ƙugiya. Ya roƙe ni ƙwayar tsakiya ɗaya daga tsinkakkiyar sarƙata don farfelar ta riƙa juyawa a kanta. Na ba shi, don in ga abin da zai yi. Da mahaifiyata ta ji an karɓi abin wuyana, sai da ta turara ni da hayaƙin magani har na yi tari.

Abin ya fashe ne ranar da aka zo sake ɗauri. Baffa ya ɗaga tabarmar Ticha zai kakkaɓe, sai ga murfin kwalba ya gangaro, cike da man gidanmu. Ashe duk ranar da aka shafa masa, yakan sa yatsa ya kwashi wanda ya tsatso ta gefen ɗorin ya tara. Har mahaucin da ke kwance can ƙurya, mai nishi dare da rana, ya daina nishi.

Ticha ya ce, "Baba, roba nake shafa ma. In ba santsi, da an murɗa tana tsinkewa. Na gwada sabulu, zafin nan yana busar da shi."

Baffa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Man da anka tohe, shi aka shahwa ma robar keke? Kai shi za ka yi a auna, a hwaɗa maka abin da ac ciki. Baba, a sa shi mota yau."

Ya kamata ka san abin da sa shi a mota yake nufi. Ƙashin ya fara kamawa amma bai yi ƙwari ba, yana buƙatar a riƙa kwancewa ana gyara zamansa ana sake ɗaurewa. In ya bar hannun kakana a wannan gaɓa, ba wani mai ɗori a garin da zai karɓi aikin da wani gida ya fara, kuma asibiti ya riga ya guje mata. Ƙafar ce za ta tafi.

Kakana ya daɗe yana juya murfin a hannunsa. Sannan ya ce, "Ka ce jirgi na. To shi tashi. In yat tashi, ka zamna har ƙashinka shi kama. In bai tashi ba, kai kas san abin da kaka yi da man ga, ni kau ban riƙe maci amana cikin zaurena."

Ticha ya roƙi a yi gwajin da sassafe, lokacin da iska take kwance. Ya ce in rana ta ɗaga, ƙasa tana fitar da wani zafi mai tashi sama, ba a san inda zai kai abu marar nauyi ba. Baffa ya ce a'a, abin da aka yi da jijjifi ba shaida ba ne, sai rana ta fito sosai kowa ya gani da idonsa. Haka aka yi. Da hantsi ya yi zafi aka ɗauko Ticha a kan gadon kara, aka ajiye shi a bakin fili bayan rumbunan albasa. Rabin unguwa ta fito. Mata suna leƙe ta saman darni. Can sama shirwa suna ta shawagi ba sa ko kaɗa fiffike.

Ni aka ce in riƙe wutsiyar jirgin yayin da Ticha yake murɗa robar, wai ni ce na san kan abin. Ya fi tsawon hannuna, amma nauyinsa bai kai na ludayi ba. Ticha ya lakaci man nan a gaban kowa, ya shafe robar tun daga ƙugiya har ƙarshe, ya fara juya farfela da ɗan yatsa. Robar ta murɗe, ta yi ƙulli, ƙullin ya hau kan ƙulli. Ina jin jikin jirgin yana ɗan kuka a hannuna. Sai a lokacin na lura bai ci tuwon jiya ba, leɓensa duk ya bushe. Na tuna na yi tunanin cewa ɓarawo ma ashe yana jin tsoro.

Ya karɓa, ya ɗaga shi daidai kunnensa, ya saki farfela, sannan ya tura shi a hankali kamar mai miƙa wa wani kwano.

Jirgin ya yi ƙasa tukuna, har Baffa ya buɗe baki. Sai ya ɗago hanci. Ba ƙara, sai wani fir-fir-fir kamar fara ta tashi. Ya hau, ya karkata, ya zagayo ta kanmu, rana ta ratsa takardar har kana ganin haƙarƙarin nan ɗaya bayan ɗaya. Yara suka sa ihu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan darni. Na juya na ga kakana, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a gaban baƙi ba, ya riƙe hula da hannu ɗaya, baki buɗe, yana dariya kamar yaro. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma na ji haushin kaina da ya burge ni.

Robar ta ƙare, farfela ta tsaya, muka jira ya sauko. Bai sauko ba. Zafin nan da Ticha ya faɗa ya tallafe shi, ya yi ta zagaye yana ƙara sama, har ya shiga cikin shirwa. Ticha ya daina murmushi. Jirgin ya zama ɗan ɗigo, ya karkata kudu, yara suka bi shi a guje har suka gaji suka dawo. Muka yi ta kallo har ido ya fara ruwa, babu shi.

A nan ne Baffa ya ce, ba da ƙarfi ba, "Kun ga inda yan nuhwa? Hanyar Maiyama ta. Da man gidanmu a jikinai."

Ka ga yadda zato yake. Da bai tashi ba, ƙarya ce ta tabbata. Da ya tashi kuma, ga shi ya kai saƙo. Kafin la'asar zancen ya gama gari, har an samu wanda ya rantse ya ga wani mutum a bakin hanya yana jira da mashin. Ni kaina na kwana ina lissafin wanda zai tare shi a can.

Kakana bai karya alkawari ba, bai kori Ticha ba. Amma babban ɗansa ne a gefe guda, ga bakin mutane, ga kuma tsoron nan da shi ma da shi aka raine shi. Sai ya raba tsakani. Aka kwashe reza da zare da guntayen tukurwa. Kuma duk ranar da za a kwance ɗori, sai Baffa ya yafa wa Ticha zane a fuska, ya tsaya a kansa har a gama, sannan ya goge gefen ɗorin tas da tsumma. Ina son kakana, Allah ya jiƙansa, amma a nan bai kyauta ba. Ya ga jirgin da idonsa, ya yi dariya, ya san abin wasa ne. Ko kuma dai bai sani ɗin ba. Wannan ma na kasa yanke hukunci a kai.

Ticha ya jure 'yan lokuta. Ranar da hadarin farko ya haɗo, ya yi magana da direban wata motar albasa mai zuwa Jega. Kakana ya fito da kansa ya ce masa ƙashin bai nuna ba, ya ƙara haƙuri.

"Na gode, Baba," in ji Ticha. "Amma a garinmu gawa ake rufe ma fuska."

Aka ɗora shi a kan buhuna, ƙafar a miƙe, motar ta tashi tana tangaɗi a cikin ramuka.

Ɗori bai bar gidanmu ba. Ƙasusuwa suka ci gaba da kamawa kamar kullum. Bayan an kawo ni Jega aure, duk wanda na ji ya ce daga Maiyama yake sai in bi ta bayan gida in tambaye shi ko akwai wani malamin makaranta mai ɗori a can. Babu wanda ya taɓa jin haka. Sau ɗaya na ga Ticha, ranar kasuwa, gashinsa ya yi fari, yana sayen manja. Ƙafar dama ta gajarce ta lanƙwashe waje, in zai taka sai ya jefa kafaɗa gaba ya jawo ta. Na gaishe shi na faɗa masa ko 'yar gidan wa ce ni. Ya gyara tabarau ya ce, "Kai ne mai riƙe wutsiya!" Ya tambayi lafiyar kakana, na ce ya rasu, ya yi mini ta'aziyya sosai. Bai ambaci ƙafar ba, ni ma ban iya kallonta ba.

Yanzu Baffa ya tsufa, ɗansa ne ke riƙe da zauren. Masu karaya suna zuwa da hoton ƙashi daga asibiti, a ɗaga shi a rana a duba kafin a taɓa. Yaron nan har jingine waya yake yi a kan kujera tana ɗaukarsa yana ja, yana shafa mai, yana naɗa karan ɗori, ya watsa wa duniya don a san gidan. Wanda ke Legas ma in ya so zai tsayar da hoton ya ƙirga tsinkayen. Ba wanda ake rufe wa fuska.

Da na je gaisuwar Sallah na tarar da Baffa a rumfa, jikoki sun kunna masa hoton aikin ɗan nasa a waya yana ta jin daɗi. Na ce, "Baffa, ka tuna Ticha?"

Ya ce, "Wanda yas sace muna mai cikin jirgi?"

Na ce na gan shi a Jega, ƙafar ba ta daidaita ba, da ƙyar yake jan ta. Na faɗa ne don in ga ko fuskarsa za ta motsa. Ta motsa kuwa. Ya gyara zama, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa labarin da ya daɗe yana jira.

"To kin gani," in ji shi. "Alhakin man gidanmu yak kama shi."

Ya miƙa hannu a ƙara masa ƙarar wayar.